Sabon Marubucin Wasan Kwaikwayo: Gasa Yake Bukata ko Zauren Gwaji?

Duk ɗalibin da ya zauna darasin rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa, ko a Yamai ne ko a Zariya, zai lura da wani abu tun kafin zangon karatu ya ƙare. Littattafan da ake ba shi ya nazarta su ne dai waɗanda aka ba malaminsa, akasarinsu ma su ne aka ba malamin malaminsa: Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, da ƴan kaɗan makamantansu. Babu laifi a nazarin waɗannan, domin sun cancanta. Abin tambaya shi ne, ina na bayansu? A fagen ƙagaggun labarai, tun daga tsakiyar shekarun 1980 littattafai suke ta kwararowa daga Kano har ƙidaya ta gagara. Waƙa kuwa ba ta taɓa yin ƙaranci ba. Rubutaccen wasan kwaikwayo ne ya zama ɗan bora a cikin rassan adabin zamani guda uku, akan daɗe kafin a ji fitowar wani sabo da manazarta za su ɗauka da muhimmanci, irin Malam Zalimu na Ado Ahmad Gidan Dabino.

Dalilan da aka saba kawowa guda biyu ne: fim ya janye masu basira, kuma babu masu sayen littafin wasa. Duka biyun gaskiya ne. Sai dai akwai na uku wanda ba a cika ambatonsa ba, wato sabon marubuci ba shi da inda zai kai rubutunsa ya ji shi a bakin ƴan wasa tun kafin a buga. Idan kuma hukuma ko wata ƙungiya ta tashi yin gyara, maganin da kan fara faɗo mata shi ne gasa. Gasa tana da tarihi mai daraja a adabin Hausa. Ta 1933 ce ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, kuma wasan Soyayya Ta Fi Kuɗi na Hadi Abdullahi Alƙanci, wanda aka buga a 1982, daga gasar gwamnatin tarayyar Nijeriya ya fito. Amma aikin gasa shi ne ta zaɓi abin da ya riga ya nuna, ta ba shi kyauta, ta sallami sauran. Mai rubutun zube zai iya rayuwa da wannan, tun da shi da mai karatunsa a kan takarda suke haɗuwa. Marubucin wasan kwaikwayo kuwa rabin aikinsa kawai yake kan takarda, sauran rabin yana jikin mutanen da za su tsaya su faɗi kalmominsa a gaban jama'a. Don haka abin da ya fi bukata tun farko shi ne ɗaki, da ƴan wasa, da lokaci, da masu sauraro waɗanda ba za su yanke masa hukuncin ƙarshe ba.

Akwai wurin da aka daɗe ana gwada wannan, kuma ya kamata a duba shi da kyau. A garin Waterford na jihar Connecticut, a gabashin Amurka, akwai wata tsohuwar gona a bakin teku wadda George C. White ya mayar da ita cibiyar wasan kwaikwayo a 1964, ya sa mata sunan shahararren marubucin nan Eugene O'Neill. Daga 1965 aka fara taron marubuta wasan kwaikwayo na shekara-shekara a can. Wanda ya ba taron tsarin da aka san shi da shi kuwa shi ne Lloyd Richards, baƙar fata wanda ya ba da umarni a wasan A Raisin in the Sun a 1959, ya kuma jagoranci taron tun daga 1968 har zuwa 1999.

Tsarin ba shi da wani sirri. Kowa na iya aiko da rubutunsa, ana karantawa ba tare da an ga sunan mai shi ba, sa'an nan a zaɓi ƴan ƙalilan daga cikin ɗimbin da aka aiko. Waɗanda aka zaɓa sukan tare a gonar na kusan wata guda a lokacin zafi, a ba su masauki da abinci da ɗan abin kashewa. Kowane wasa akan haɗa shi da mai ba da umarni, da ƙwararrun ƴan wasa, da wani mutum wanda aikinsa kawai shi ne ya zama mashawarcin rubutu, ya riƙa yi wa marubucin tambayoyi a kan zubi da tsarin wasansa. Bitar ba ta kai mako guda. Daga nan sai a nuna wasan sau biyu a gaban jama'a, ƴan wasa riƙe da takardunsu a hannu suna dubawa, babu ƙawata dandamali, babu tufafi na musamman, sai wasu akwatunan katako da ake jerawa su zama kujera ko tebur ko ƙofa. An kuma ɗauki al'adar cewa ƴan jarida ba sa rubuta sharhin yabo ko suka a kan abin da suka gani, domin aikin bai kammala ba. Bayan an nuna, sai a zauna a tattauna.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa yana da dalili. Riƙe takarda a hannu yana nufin ɗan wasa bai haddace komai ba, saboda haka marubuci zai iya soke shafi uku da dare, ya kawo sababbi da safe, ba tare da ya ɓata wa kowa aiki ba. Rashin ƙawa yana hana ido ya ruɗi kunne: idan fitowa ta mutu, ba za a ce fitila ce ko labule ba, kowa ya san magana ce ta gaza. Nunawa sau biyu kuwa yana ba da damar a gyara tsakanin na farko da na biyu, a ga ko gyaran ya yi amfani. Duk tsarin an gina shi ne a kan cewa marubuci shi ne mai gida, sauran duka baƙi ne da suka zo taya shi aiki.

Sunan da ya fi fito da taron shi ne August Wilson. An haife shi a Pittsburgh a 1945, ya bar makaranta yana ɗan shekara goma sha biyar, ya karantar da kansa a laburaren garin, ya kuma fara da rubuta waƙoƙi. Ya aika da rubuce-rubucensa zuwa Waterford sau da dama ana mayar masa da su, sai a 1982 aka karɓi Ma Rainey's Black Bottom. Wasan ya zo da tsawo ƙwarai, cike da dogayen jawabai masu daɗin ji waɗanda ba duka ne suke tura labari gaba ba. A nan ya haɗu da Richards, wanda a lokacin shi ne shugaban makarantar wasan kwaikwayo ta Jami'ar Yale. Richards ya ɗauki wasan ya nuna shi a gidan wasan Yale a 1984, a cikin shekarar kuma ya isa Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta birnin New York. Fences ya bi ta wannan hanya, ya fara daga gonar a 1983, ya ci lambar Pulitzer a 1987. The Piano Lesson ya sake cin ta a 1990. Kafin rasuwarsa a 2005, Wilson ya kammala wasanni goma, kowanne yana ɗauke da shekaru goma na rayuwar baƙaƙen fatar Amurka a ƙarni na ashirin, kuma Richards ne ya ba da umarni a shida daga cikinsu. Abin lura shi ne ba sau ɗaya ake gwada wasa a wuce ba. Sukan zaga da shi gidajen wasa na garuruwa daban-daban, Wilson yana zaune cikin ƴan kallo yana sauraren inda suka yi tsit da inda suka fara motsi a kujera, yana komawa masauki yana gyara.

Da gasa kawai aka yi a 1982, mai yiwuwa alƙalai su yaba wa harshen wannan mutum, su ce wasan ya yi tsawo, su ba wani na ɗaya. Ba shi kaɗai ba ne kuma. Wole Soyinka ya yi aikin karanta rubuce-rubucen da ake aikowa gidan wasan Royal Court na London a ƙarshen shekarun 1950, kuma a can aka nuna wasansa The Invention a 1959, a irin daren Lahadin da gidan ya keɓe domin gwada sababbin marubuta ba tare da ƙawata dandamali ba.

To, me kunne yake kamawa wanda ido ba ya gani? A ɗauka wani ɗalibi ya rubuta fitowar da uwa take faɗa da ɗanta na fari a kan auren da ya nace zai yi. A kan takarda komai ya tafi daidai. Ranar da aka ba wata dattijuwa takardar ta karanta, sai ta tsaya a layi na biyu ta ce ita bakinta ba zai iya kiran sunan ɗan fari haka gatsau ba, ko da a wasa ne. Nan take marubucin zai gane cewa alkunyar da ya manta da ita ita ce ƙarfin fitowar: uwar da take cike da fushi amma ba ta iya ambaton sunan wanda take fushi da shi, sai ta bi ta kan ƙanwarsa tana cewa a gaya wa wancan. Haka gaisuwa. Mai son nuna al'ada yakan cika shafi guda da ina kwana da ina gajiya, wanda a karatu ido yakan tsallake shi, amma a dandamali minti biyu ne cur na jiran abin da bai zo ba, sai fa idan an sa gaisuwar ta ɗauki wani nauyi, kamar mai bin bashi da wanda ake bi suna ja da ita don kowa yana tsoron fara maganar. Haka kuma cutar da ta fi kama sababbin marubutan Hausa, wato wa'azi: a tsayar da wasa cik, a ba wani malami ko dattijo shafi biyu ya bayyana jigo da bakinsa. Babu malamin tarke da zai iya raba marubuci da wannan ɗabi'a kamar yadda tarin ƴan kallo da hamma za su raba shi da ita a dare ɗaya. Ga kuma batun karin harshe. Marubuci daga Tawa ko Dogon Dutsi yakan sa manomin Adar ko na Arewa ya yi magana da daidaitacciyar Hausa saboda ita aka koya masa rubutawa, sai ɗan wasa ya buɗe baki a ji maganar ta zama ta mai karanta labarai a rediyo.

Idan aka koma ga tsofaffin littattafan da ake ta nazari, za a ga ba banza suka daɗe ba. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi ta rediyo suka fara bi kafin su zama littafi, wato an ji su kafin a karanta su. Umaru Ɗanjuma shi kansa ɗan wasa ne, wanda jama'a suka fi sani da Kasagi. Shaihu Umar da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasa, aka buga a 1975, aikin dandamali ne tun asali. Ashe zauren gwaji ba baƙon abu ba ne ga wasan Hausa. Ya taɓa wanzuwa a gidajen rediyo da makarantu ba tare da an sa masa suna ba, daga baya ya ɓace.

A Nijar kuwa matsalar ta zo ta ɗaya gefen. Zamanin samariya da bukukuwan matasa na ƙasa a mulkin Seyni Kountché, wasan kwaikwayo na Hausa ya bunƙasa ƙwarai, ƙungiyoyi irin ta Yazi Dogo a Damagaram suka yi suna ta dandamali da rediyo da talabijin. Kamar yadda Janet Beik ta nuna a littafinta na 1987 a kan wasan Hausa a Nijar, waɗannan ƙungiyoyi ba da cikakken rubutu suke aiki ba. Akan tsara ƙashin labari, a raba matsayi, kowane ɗan wasa ya zuba nasa kalmomin, a yi ta maimaitawa har wasan ya zauna. Wannan gwaninta ce babba, kuma ita ce ainihin abin da ake nema a Waterford ta wata hanya. Amma abin da ba a rubuta ba yakan tafi da masu shi, ɗalibin yau ba shi da matanin da zai ɗora yatsa a kai. Ga ƴan wasa masu kunne babu marubuci, ga marubuta a jami'a babu ƴan wasa. Shirin raya sababbin wasanni, idan an yi shi da hankali, wurin haɗa waɗannan biyu ne.

Ba daidai ba ne a ɓoye aibin tsarin, domin su Amurkawan da kansu sun koka da shi. Da shirye-shiryen irin wannan suka yawaita, sai aka wayi gari wasa yana yawo daga wannan bita zuwa waccan shekara da shekaru, kowa yana ba da shawara, babu mai ɗaukar nauyin nuna shi sosai. Gidajen wasa suka gano cewa karatu a zaune ya fi cikakken shiri araha, ga shi kuma yana ba su sunan masu taimakon matasa. Marubuci Richard Nelson ya yi wani jawabi a 2007 inda ya soki wannan ɗabi'a ta ɗaukar marubuci kamar mara lafiyar da kullum yake bukatar magani. Tun kafin nan, a 2003, wasu marubuta goma sha uku a New York suka kafa ƙungiyar 13P da niyyar su nuna wasa ɗaya na kowane ɗayansu ba tare da jiran kowa ba, suka cika alkawarin, suka rushe ƙungiyar a 2012. Ko Wilson bai tsira gaba ɗaya ba: ya sha faɗa cewa ya rubuta Fences ne a kan tauraro guda domin ya nuna wa masu cewa bai iya tsari ba cewa ya iya. Wasan ya yi kyau, amma ana iya tambaya, marubuta nawa ne shawara irin wannan ta goge musu abin da ya bambanta su da kowa? Miya idan masu ɗanɗana ta suka yi yawa, kowa da gishirinsa yake zuwa.

Akwai aibi na biyu wanda ya fi shafar wannan yanki, shi ne harshen mai ba da kuɗi. Gasar wasan kwaikwayo ta ƙasashen Afirka da rediyon Faransa ya shirya a da, na tsawon shekaru daga ƙarshen shekarun 1960, ta fito da marubuta da yawa, haka ma kyautar wasan kwaikwayo ta RFI da aka fara a 2014, wadda ba ta tsaya ga kuɗi ba, tana haɗawa da damar zama a yi aiki a kan rubutun da karanta shi a gaban jama'a. Sai dai da Faransanci ake shiga. Matashin Maraɗi mai basira zai duba ya ga ƙofar da take buɗe, ya bi ta. Ba a zarge shi ba, kuma ba a zargi masu kyautar ba, harshensu suke yi wa hidima. Amma duk wanda yake jiran wata cibiyar waje ta zo ta raya rubutaccen wasan Hausa zai daɗe yana jira.

Misalin da ya fi kusa da gida yana Wagadugu. A 2002 Etienne Minoungou ya kafa Récréâtrales, shirin da yake tara marubuta da masu ba da umarni da ƴan wasa daga ƙasashen Afirka su zauna tare na tsawon lokaci suna gina sababbin wasanni, a ƙare da biki duk bayan shekara biyu. Abin sha'awa shi ne inda ake nunawa: a tsakar gidajen mutane a unguwar Gounghin, iyalai su ba da filinsu a kafa dandamali. Wannan ya warware matsalar da ake yawan fakewa da ita, ta rashin gidan wasa, ya kuma sauya irin masu sauraron da marubuci yake gwada kansa a gabansu. A Yamai ma marigayi Alfred Dogbé ya yi irin wannan ƙoƙari da ƙungiyarsa Arène Théâtre da bikin Émergences. Ke nan ba a rasa masu sanin yadda ake yi ba a ƙasar.

Wanda ya fi dacewa ya ɗauki nauyin na Hausa shi ne sashen da ake koyar da ita a jami'a, tare da gidan rediyon gari da wata ƙungiyar ƴan wasa. Ba sai an jira gini ko tallafi ba. A karɓi rubutu sau ɗaya a shekara, daga ɗalibai da waɗanda ba ɗalibai ba, a cire sunaye, a zaɓi uku ko huɗu. A ba kowanne mako guda da ƴan wasa, a karanta shi sau biyu a gaban mutane, ɗaya a harabar jami'a, ɗaya a cikin unguwa, domin dariyar ɗalibai daban take da ta masu sayar da goro. Kada a ba da maki, kada a fitar da na ɗaya. Malamin da zai zauna a matsayin mashawarci ya riƙe bakinsa daga cewa da ni ne da kaza zan yi, ya tsaya ga tambaya: me wannan matar take so a wannan fitowa, kuma me ya hana ta samu? Domin kauce wa ciwon Amurka, a ɗaure kai tun farko cewa aƙalla wasa ɗaya za a nuna shi cikakke kafin shekara ta zagayo, rediyo ya ɗauka, sa'an nan a buga matanin da aka gyara, ba wanda aka fara kawowa ba. Ɗaliban nazari su ma za su ci riba, domin ajiye daftarin farko da na ƙarshe zai ba su abin da ba su taɓa samu ba, wato damar ganin yadda zubi da tsari suke sauyawa a hannun mai su.

Wata matsala za ta taso tun a shekarar farko, kuma gara a shirya mata. Ƴan wasan Hausa sun saba ƙirƙirar maganarsu, ba za su tsaya ga abin da ke kan takarda ba, kuma sau da yawa abin da za su faɗa zai fi na marubucin daɗi. Idan ya ɗauka ya sa a rubutunsa, wasan na wane ne? A Waterford amsar a fili take, na marubuci ne, duk abin da aka ba shi kyauta ce. A Damagaram ta zamanin samariya kuwa wasa na ƙungiya ne. Abin da ya fi kusa da adalci shi ne marubuci ya riƙe ikon karɓa ko ƙin duk wata shawara, sunansa ya hau bangon littafi, amma a jera sunayen ƴan wasan da suka fara gwada shi a shafin farko tare da wuri da rana, a kuma yanka musu kaso idan rediyo ko masu fim suka saya. A rubuta wannan a takarda, kowa ya sa hannu, tun ranar da za a raba matani.